Ci Gaba Bayan Kuskure a Jerin Umarnin Rumbun Bayanai: Nazari Daga Rajistocin Nima da Mamobi

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke faruwa idan umarni ɗaya ya faɗi a tsakiyar jerin umarnin da ake loda bayanai da shi, da dabarun da PostgreSQL da MySQL da SQL Server da Oracle da SQLite suka tanada don aiki ya ci gaba. An ɗauko misalanta daga irin rajistocin da ake cikawa a unguwannin Zango na Akra, musamman Nima da Mamobi. Matsayinta shi ne layukan da ke faɗuwa ba kara-zube suke faɗuwa ba: suna bin siffar sunaye da gidaje da takardun wasu rukunin mutane. Don haka bai halatta jerin umarni ya tsallake kuskure ba sai ya ƙirga abin da ya karanta, ya adana abin da ya ƙi tare da dalili, ya kuma san kuskuren da dole a tsaya a kansa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa loda fayil cikin rumbun bayanai ya yi wannan tambaya: jerin umarnina yana da layi dubu biyar, na ɗari uku ya faɗi, yaya zan yi sauran su wuce? Amsarta a fasahance ba ta da wuya, domin kowane rumbu yana da maɓallin da ake kunnawa ya daina tsayawa. Tambayar da ta fi damuna ita ce wadda ke bayanta. Mutumin da ke kan layi na ɗari uku fa, ina ya nufa, kuma wa zai san ya ɓace?

Ga kalmomin da zan yi aiki da su. Umarni shi ne jimla ɗaya ta SQL. Jerin umarni shi ne fayil ɗin da ya tara su, ana gudanar da shi daga sama zuwa ƙasa. Ƙulli shi ne aikin da aka buɗe da BEGIN aka rufe da COMMIT ko ROLLBACK, wanda ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko ya warware gaba ɗaya. Turke shi ne abin da umarnin SAVEPOINT ke kafawa a tsakiyar ƙulli, don a iya komawa gare shi ba tare da an rushe duk abin da ya gabata ba.

Nima tana cikin gundumar Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma cikin Ayawaso ta Arewa, waɗanda aka ƙirƙira a 2018. Rayuwar mazaunansu, kamar ta sauran 'yan Ghana, ta rataya ga rumbuna masu yawa. Akwai inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa da dokar 2003. Akwai DHIMS2, wanda Hukumar Lafiya ta Ghana ta shimfiɗa a faɗin ƙasa a 2012 bisa manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo, PostgreSQL ne rumbunsa, kuma asibitocin gwamnati irin Babban Asibitin Mamobi suna tura masa rahoton wata-wata. Akwai katin ɗan ƙasa da aka fara yi wa jama'a gadan-gadan a yankin Akra a 2019, sannan aka ɗaura rajistar layukan waya a kansa daga Oktoban 2021, har aka rufe layukan da ba a yi wa rajista ba bayan ƙarshen Mayun 2023. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙanana birjik: rajistar ɗaliban makarantun Islamiyya, littafin masu karɓar susu, wato kuɗin ajiya da 'yan kasuwa ke zubawa, jerin marayu da zawarawan da ƙungiyoyi ke raba wa abinci da azumi. Ban zo in binciki wani ofishi ba. Hankalina yana kan matashin da aka miƙa wa fayil ɗin Excel da rumbu, aka ce gobe da safe ana son rahoto.

Jama'ar Zango sun san nauyin rashin suna a takarda tun dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta raba iyalai da dama da gidajen da suka rayu a ciki shekaru. Wanda zai rubuta manhaja a wannan wuri ya kamata ya riƙe wannan tarihi a ransa.

Abin da injin ke yi idan ba a ce masa komai ba

Masu koyo suna ɗauka dukkan rumbuna hali ɗaya gare su. Ba haka ba ne, kuma sau da yawa wurare biyu ne ke yanke hukunci: manhajar da ke karanta fayil tana turawa, da shi kansa rumbun.

Manhajar psql ta PostgreSQL tana ci gaba da karanta fayil bayan kuskure, ta kuma fita da lambar nasara kamar ba abin da ya faru, sai fa idan an kunna ON_ERROR_STOP, wanda ke sa ta tsaya ta fita da lamba 3. Manhajar mysql akasin haka take: tana tsayawa a kuskuren farko sai an ba ta --force. SQL*Plus na Oracle yana wucewa sai an rubuta masa WHENEVER SQLERROR EXIT. Haka sqlcmd na SQL Server yake sai an ƙara masa -b, haka sqlite3 sai an kunna .bail. Wato huɗu cikin biyar ɗin nan ci gaba ne ɗabi'arsu. Mai tambayar yadda zai sa jerinsa ya ci gaba, sau da yawa jerin nasa ya daɗe yana ci gaba bai sani ba.

A cikin ƙulli ne bambancin ya fi tsanani. A PostgreSQL, da zarar umarni ɗaya ya faɗi, ƙullin duka ya gurɓace. Duk umarnin da ya biyo baya za a ƙi shi da lambar 25P02, kuma idan aka iso COMMIT, rumbun zai mayar da shi ROLLBACK. Mutum zai ga allo yana ta gudu, ya tashi ya tafi sallah, ya dawo ya tarar jerin ya kai ƙarshe, alhali ko layi ɗaya bai shiga ba. A Oracle kuwa umarnin da ya faɗi shi kaɗai ake warwarewa, ƙullin na nan da ransa. MySQL mai injin InnoDB haka yake yi a yawancin kurakurai, amma idan ƙulli biyu suka sarƙe da juna, kuskure 1213, yana warware ƙullin gaba ɗaya. SQL Server ya fi kowa wuyar sha'ani: wani kuskuren yana kashe umarni kawai, wani ya kashe rukunin umarnin, wani ya gurɓata ƙulli, shi ya sa ƙwararru irin Erland Sommarskog suka daɗe suna nanata a kunna XACT_ABORT a kuma yi amfani da TRY da CATCH, waɗanda suka shigo a fitowar 2005.

Wannan ba sabuwar muhawara ba ce. Tun 1975 John Goodenough ya bambance tsakanin yanke aiki da ci gaba da shi bayan an ɗaga kuskure. Jim Gray a 1981, sannan Härder da Reuter a 1983, suka daidaita ma'anar ƙulli yadda muke koyar da ita yau. A 2014 Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto sun bi diddigin rushewa 198 a manhajoji biyar, ciki har da Cassandra da HBase da Redis, suka gano cewa kashi 92 cikin 100 na mafi munin rushewar sun samo asali ne daga mummunan riƙon kuskuren da shi kansa bai isa ya kashe tsarin ba. Manhajar ta ga matsalar, ta kuma faɗa. Wurin karɓar saƙon ne aka yi sakaci.

Su wa ke faɗuwa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne abin ya shafe mu kai tsaye.

Mu fara da alamar hamza da ake rubutawa da ɗan waƙafin sama. Sunayenmu cike suke da ita: Mu'azu, Sa'adatu, Isma'il, Rabi'atu, Shu'aibu. Ita ce kuma alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Matashi ya ɗauki Excel, ya haɗa kalmomi da dabara, ya samar da umarni ɗaya ga kowane ɗalibi, sai wani layi ya fito haka:

INSERT INTO dalibai VALUES ('Mu'azu', 'Nima');

Alamomin biyar ne, ba su yi bibbiyu ba. Psql za ta ɗauka rubutu ya rufe bayan Mu, ta ga azu a waje, sannan alamar ƙarshe ta buɗe sabon rubutun da ya haɗiye baka da waƙafi mai ruwan da ke rufe umarnin. Daga nan komai ya juye, ciki ya koma waje. Za ta ci gaba da tara layuka tana jiran rufewa har sai ta iso wani suna mai hamza, a ce Sa'adatu a layi ɗari biyu gaba, wanda zai sake daidaita lissafin. Sai ta tura duk abin da ta tara a matsayin umarni ɗaya, rumbun ya ƙi shi da saƙon kuskure ɗaya tak. Mai aiki ya duba ya ga kuskure ɗaya cikin dubu biyar, ya ce ba laifi. Mutum ɗari biyu da ɗaya ne suka tafi. Daga wannan misali kaɗai za a gane cewa ƙirga saƙonnin kuskure ba ya gaya wa kowa yawan layukan da suka salwanta. Maganinsa kuma ba ya cikin dabarun ci gaba, yana cikin daina haɗa umarni da hannu: a yi amfani da umarni mai gurbi inda ake miƙa ƙima daban, ko a loda fayil da COPY. Wannan ƙofar da hamza ta shigo ta cikinta, ita ce dai ƙofar da ɓarayin intanet ke cusa umarninsu.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da tasu matsalar a tsofaffin teburan MySQL da aka gina kan latin1, inda babu su. Idan tsauraran ƙa'idoji na kunne, kamar yadda suke tun fitowar 5.7, layin zai faɗi da kuskure 1366. Idan aka kashe su, ko aka rubuta INSERT IGNORE don kada jeri ya tsaya, layin zai shiga amma da suna gurgu, alamar tambaya a gurbin harafi ko sunan a yanke. A Akra yawancin takardun hukuma da rubutun Turanci ake cika su, don haka wannan ya fi bayyana a rajistar makarantu da ƙungiyoyi masu rubuta Hausa yadda take.

Sai tagwaye. A Zango Alhassan da Fuseini, ko Asana da Fuseina, sunaye ne da ake ji a kowane lungu. Rana ɗaya aka haife su, sunan uba ɗaya, lambar wayar uwa ɗaya, gida ɗaya. Mai tsara tebur, don ya hana shigar da yaro sau biyu, sai ya sa sharaɗin cewa kada a sami layi biyu masu sunan uba da ranar haihuwa da lambar waya iri ɗaya. Sannan don jeri ya daina tsayawa ya ƙara ON CONFLICT DO NOTHING, wanda PostgreSQL ta kawo a fitowar 9.5 a Janairun 2016. Alhassan zai shiga. Fuseini ba zai shiga ba, kuma a wannan karon ko saƙon kuskure babu, domin an umarci rumbun ya yi shiru. Irin wannan yana samun mazauna gidan haya mai ɗakuna da yawa idan aka jingina da adireshi, tunda GhanaPostGPS, da aka ƙaddamar a Oktoban 2017, wuri yake nunawa, kuma iyalai goma suna iya bayar da adireshi ɗaya. Yana samun tsofaffin da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba aka cika musu 1 ga Janairu, musamman idan sunayensu Mohammed ne ko Issah ko Iddrisu, waɗanda ke maimaituwa. Yana samun mata da yawa masu amfani da wayar miji ko ta ɗa.

Lambar waya ma tana da nata tarkon. Lambobin Ghana goma ne, da sifili suke farawa, Excel kuma yana cinye sifilin farko idan ya ɗauki gurbin a matsayin adadi. Wasu su rubuta da 233 a gaba. Wannan kuskure ne da ake gyarawa da umarni ɗaya kafin lodi, bai kamata ya jefar da kowa ba.

Misali na ƙarshe shi ne wanda ya fi nuna haɗarin murna da layukan da suka wuce. A Ghana rana ake fara rubutawa sannan wata. Idan an saita rumbu bisa tsarin Amurka, wata sannan rana, to 25/03 zai faɗi da lambar 22008 domin babu wata na ashirin da biyar. Amma 05/03 zai shiga lafiya a matsayin 3 ga Mayu maimakon 5 ga Maris. Mu yi lissafi. A shekara mai kwana 365, ranakun da ba su wuce 12 ga wata ba guda 144 ne, su ne za su shiga. A cikinsu 12 kacal ne za su shiga daidai, inda rana da wata suka zo ɗaya. Sauran 132 a juye suke. Kwanaki 221 kuma za su faɗi. Jerin da aka saita ya tsallake kuskure zai ƙare ya bar tebur cike da ranakun ƙarya, a ciki har da ranakun allurar rigakafin jarirai da ranakun komawa awon ciki. Layukan da suka faɗi su ne suka zo da gargaɗin cewa waɗanda suka shiga ma ba su da lafiya.

Duniya ta ga makamancin wannan a Ingila a Oktoban 2020, lokacin da aka gano sakamakon gwajin korona 15,841 sun ɓace daga rahoto tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Aikin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Abin da ya wuce iyaka kawai aka bari a baya, mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar kuma ba a neme su a kan lokaci ba.

Kuskure ba iri ɗaya ba ne

Ƙa'idar SQL ta raba kurakurai aji-aji ta haruffa biyun farko na lambar SQLSTATE, kuma wannan rabon ya isa ya zama jagora. Aji 22 na ƙimar da ba ta dace da gurbinta ba ne, aji 23 na saɓa sharaɗin tebur, kamar 23505 na maimaici da 23503 na nuni ga layin da babu shi. Waɗannan biyu laifin layi ɗaya ne a mafi yawan lokaci, su ne kaɗai nake ganin ya dace a ajiye layin gefe a wuce. Aji 40, irin 40001 da 40P01, karo ne tsakanin ƙulli biyu. Layin ba shi da laifi, sake gwadawa ake yi bayan ɗan jinkiri, kuma ƙullin duka ake maimaitawa. Aji 08 na yankewar sadarwa, da aji 53 na ƙarewar wuri ko ƙwaƙwalwa, da aji 42 na kuskuren rubutun umarni ko rashin izini, duk tsayawa suke buƙata nan take. Idan CREATE TABLE ya faɗi, umarni dubu da ke bayansa ba su da inda za su zuba komai. A MySQL da Oracle abin ya ƙara nauyi domin umarnin sauya tsarin tebur yana tabbatar da ƙulli da kansa, ba a iya warware shi.

Shi ya sa ba na goyon bayan WHEN OTHERS THEN NULL a Oracle da PostgreSQL, ko CONTINUE HANDLER FOR SQLEXCEPTION marar komai a cikinsa a MySQL. Suna haɗa cikar faifai da sunan da aka rubuta sau biyu a kwando ɗaya. A kama kuskuren da aka sani da sunansa, a bar wanda ba a sani ba ya tsayar da aiki.

Kuɗi kuma suna da hukuncinsu daban. Mai karɓar susu ya zagaya kasuwar Nima ranar Laraba, ya dawo da littafi, ana shigar da shi. Kowane zubi layi biyu ne: a ƙara a asusun mai zubi, a ƙara a jimlar abin da ke hannun mai karɓa. Idan na biyu ya faɗi na farko ya tsaya, littafi ya ɓaci, ƙarshen wata kuma rigima ce tsakanin mutanen da ke sallah a masallaci ɗaya. A rumbunan da ke warware umarni kaɗai, wannan shi ne abin da zai faru idan jeri ya wuce kuskure ya iso COMMIT. Don haka kafin a rubuta ko layi ɗaya sai an yanke shawarar mene ne guda ɗin da ba ya rabuwa. A susu zubi ɗaya ne da layukansa biyu. A rajistar asibiti uwa ce da bayanan zuwanta. Ana iya tsallakewa daga guda zuwa guda, ba a tsallakewa a cikin guda. DHIS2 ta gane wannan: wurin shigar da bayanan bibiyar marasa lafiya tana ba da zaɓi tsakanin ƙin fayil duka da ƙin abin da ya lalace kaɗai, tana ba da damar gwaji ba tare da adanawa ba, sannan ta dawo da adadin waɗanda suka shiga da waɗanda aka sabunta da waɗanda aka ƙyale. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya kamata ido ya fara sauka a kai.

Turke da tsadarsa

PostgreSQL ta sami SAVEPOINT a fitowar 8.0 a 2005. Ana kafa turke kafin kowane guda, idan ya faɗi a koma turken, ƙulli ya warke, a ci gaba. Psql tana yin haka da kanta idan aka kunna ON_ERROR_ROLLBACK, kuma kowane sashen EXCEPTION a PL/pgSQL turke ne a ɓoye. Ga fayil mai 'yan dubbai a kwamfutar makaranta wannan ya wadatar. A rumbu mai cunkoso akwai tsada: kowane zama yana riƙe lambobin ƙananan ƙullin da turaku ke buɗewa guda 64 ne kawai a ƙwaƙwalwar da ake rabawa, idan aka zarce sauran masu karatu sai sun riƙa leƙa wani ma'aji daban, kuma kamfanin GitLab ya bayyana a 2021 yadda wannan ya riƙa daskarar da rumbunansa har ya cire turaku daga manhajarsa.

Hanyar da na fi so ta kauce wa kuskuren tun kafin ya auku. A fara zuba fayil ɗin duka cikin teburin sauka wanda dukkan gurabensa rubutu ne zalla, ba sharaɗi, tare da lambar layi da sunan fayil. A nan Mu'azu da Fuseini da 25/03 duk za su shiga yadda suke. Sai a tace da tambayoyi: waɗanne ranaku ne ba su karantuwa, waɗanne lambobi ne ba su kai goma ba, waɗanne layuka ne suka yi kama da juna. Daga fitowar 16 a 2023 PostgreSQL tana da pg_input_is_valid mai gwada ƙima ba tare da ɗaga kuskure ba. Masu kyau su wuce babban tebur da umarni ɗaya, sauran su koma teburin jira. Oracle ta daɗe da LOG ERRORS INTO tare da REJECT LIMIT tun 10g kashi na biyu a 2005. PostgreSQL 17 ta 2024 ta ƙara wa COPY zaɓin ON_ERROR ignore, amma a lura kurakuran juya ƙima kawai yake tsallakewa, saɓa sharaɗin tebur har yanzu yana tsayar da shi, kuma ba ya adana layukan da ya bari a wani tebur. Fitowar 18 ta 2025 ta ƙara masa REJECT_LIMIT.

Iyakar nan wajibi ce. Layi biyar cikin dubu biyar kuskuren hannu ne. Kashi sittin cikin ɗari, kamar a misalin ranaku, alama ce fayil ɗin duka aka karanta a karkace. Kowane aiki zai sa tasa iyakar gwargwadon abin da ya saba gani, amma dole a sa ta, kuma idan aka zarce ta a warware komai.

Teburin jira da lissafin rufewa

Teburin jira ya ƙunshi layin yadda ya zo ba gyara, da lambarsa a fayil, da lambar SQLSTATE, da saƙon rumbu, da lokaci, da gurbin da za a rubuta yadda aka ƙare da shi. Akwai tarko a nan da ke kama ƙwararru ma: idan aka rubuta bayanin kuskure a cikin ƙullin da daga baya aka warware, bayanin ya tafi tare da shi. Oracle tana da ƙulli mai cin gashin kansa don wannan. A SQL Server abin da aka zuba a tebur mai canji, wanda sunansa ke farawa da @, ba ya bin ROLLBACK. A PostgreSQL sai a rubuta bayan an koma turke, ko a bar manhajar da ke waje ta rubuta a nata fayil ko ta wani haɗi daban.

A ƙarshen kowane gudu jeri ya yi lissafi ɗaya: adadin layukan fayil ya yi daidai da waɗanda suka shiga, haɗe da waɗanda aka sabunta, haɗe da waɗanda ke jira. Adadin farko daga fayil ɗin kansa za a ƙirgo shi, ba daga abin da rumbu ya ce ya gani ba, in ba haka ba mutum ɗari biyu da ɗayan da hamza ta haɗiye ba za su fito a lissafi ba. Idan bai daidaita ba jeri ya fita da lambar gazawa. Idan ya daidaita amma akwai masu jira, ya fita da wata lamba ta daban da ta cikakkiyar nasara, don manhajar da ke tashinsa da dare ta san akwai saura.

Wanda ya yi aiki a Akra a shekarun dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016, ba ya buƙatar a tuna masa cewa wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar lodi. Rumbu zai warware ƙullin da bai tabbata ba idan ya farfaɗo, wannan nasa ne. Namu shi ne jeri ya zama wanda za a sake gudanarwa ba tare da ya ninka komai ba: a tabbatar da aiki kashi-kashi, a rubuta inda aka tsaya a cikin ƙulli ɗaya da kashin, kowane layi kuma ya kasance da shaidarsa tabbatacciya, kamar sunan fayil da lambar layi, ko lambar katin ɗan ƙasa ga wanda ke da ita. A nan ON CONFLICT DO NOTHING ya dace, domin abin da yake ƙyalewa layin da aka riga aka shigar ne da gaske.

Teburin jira bayanan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kansa kamar yadda ta hau babban tebur. Saƙon maimaici na PostgreSQL yana fito da ƙimar da ta yi karo ƙarara, wato lambar waya ko lambar kati tana iya zama a fayil ɗin rahoton sabar da mutane da yawa ke buɗewa. Ɗaukar hoton allo a tura rukunin WhatsApp ana neman taimako, abin da muka saba yi, fitar da sirrin mutane ne. A taƙaita masu izinin ganin teburin, a kuma share layi bayan an warware shi da wa'adin da aka yanke.

Saura wanda zai zauna ya duba. Mai rubuta manhaja ba zai iya sanin ko Mohammed Issah biyu masu 1 ga Janairu mutum ɗaya ne ko biyu ba. Malamin ajin ya sani. Ma'aikaciyar jinyar da ke zaga gidaje ta sani, mai karɓar susu ya sani. Don haka a fitar da teburin jira a takarda ko allo da dalilan da aka rubuta da harshen mutane, kamar "wannan yaro ya yi kama da na layi 412, tagwaye ne ko maimaici?", a miƙa wa wanda ya tattara bayanan, a sa ranar da zai dawo da amsa kafin ranar rabon kaya ko rufe rahoton wata. Duk wata uku kuma a tara dalilan a duba wanda ya fi yawa. Idan 23505 ne ke kan gaba kuma akasarinsa tagwaye ne da 'yan gida ɗaya, to sharaɗin tebur ɗin za a sauya, a ƙara sunan yaro da lambar rajistarsa a ciki, sannan a sake gudanar da layukan da ke jira.